Yatsan Injiniya

Injiniya ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan madannin kwamfutar da irin ƙasaitar da ya saba, sai ta rubuta masa cewa ba ta gane shi ba. Ya goge yatsan a jikin wando, ya sake ɗorawa, ta ƙi. Ya hura masa iska, ya karkata shi hagu da dama, har ya ɗan lashe shi bayan ya waiga ya tabbatar ba mai kallo. Can ta gaji da shi, ta ce ya shigar da kalmar sirri.

Shi fa ba injiniya ba ne, zanen gidaje yake yi. Mutanen layi ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa ganin dalilin gyara musu ba. Zanen wani ɗan kwangila yana cikin kwamfutar nan, an gama shi tsaf, turawa kawai ya rage. Ɗan kwangilar kuwa ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in zanen bai iso ba kafin ya zauna da mai ginin yau da safe, zai nemi wani, kuma ba zai waiwayo ba. Shi ne mai ba shi aiki mafi tsoka.

Kalmar sirri! Mutumin da ke yi wa abokansa lacca cewa haddace kalma aikin mutanen da ne, shi yatsansa ya ishe shi. Ya buga sunansa. Ya buga ranar haihuwarsa. Ya buga lambar motar da ya sayar tuni. Kwamfutar ta ce ya dakata tukuna kafin ya sake gwadawa.

"Sannu, babban injiniya," ya ce wa kansa. "Mai zana wa mutane benaye, ga shi tsaye a ƙofar gidansa ba makulli."

Yana cikin jiran ne ya dubi yatsan da kyau. Tun da matarsa ta zame a banɗaki ta karya hannun dama, shi ke wanki da wanke-wanke, yana rufe tagar kicin don kada maƙwabta su hango Injiniya da soso. Garin sabulu ya cinye fatar. Ta yi fari, ta tsattsage, layukan sun shafe kamar gindin tsohon silifas.

Sai abin ya faɗo masa. Ranar da ya sayo kwamfutar, ya yi ta ƙoƙarin sa ta ɗauki yatsan matarsa, ta ƙi ƙememe. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce ai na'urar ta san hannun 'yan boko. Ya maimaita wa ƙanwarta, ya maimaita wa baƙi, ita kuwa murmushi kawai take yi ta kwashe kofuna. Tun daga ranar, in za ta kira 'yan uwanta ta bidiyo, kalmar sirri take bugawa. Kunya ta rufe shi, har ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Wayarsa ta fara ruri, ɗan kwangila ne. Ya kife ta, ya rungumi kwamfutar ya nufi ɗaki. Matarsa tana zaune a bakin gado, hannun da aka naɗe da filasta yana kan matashi.

"Maman yara, don Allah, kin tuna kalmar nan da muka sa?"

"Wace kalma kuma? Ba kai da yatsa kake shiga ba?"

Ya miƙa mata yatsan. Ta kama shi da hannun hagu, ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe ta daina sanin hannun 'yan boko," ta ce.

"Na ji, ki rama. Amma ki rama da sauri, mutumin nan zai kai aikin wani wuri."

Ta jawo kwamfutar kan cinyarta, ta shiga buga harufan ɗaya bayan ɗaya da yatsan hagu, ba ta ko tsaya tunani ba. Kwamfutar ta buɗe. Ya tura zanen, ya je ya ɗauko wayar ya kira ɗan kwangilar, ya ce da muryar manya, "Duba, ya shigo." Ɗan kwangilar ya yi gunaguni kaɗan, ya ce ya gani.

Da ya ajiye wayar, ya zauna kusa da ita, ya kama hannunta mai lafiyar ya juya shi. Bai taɓa duba kan yatsunta ba sai yau. Sun fi nasa shafewa nesa ba kusa ba.

"Gobe sai in sake sa ta ɗauki nawa," ya ce a hankali.

"Kada ka wahalar da kanka, Baban yara, ba za ta ɗauka ba. Kawo kunnenka in faɗa maka kalmar, ka haddace. Zannuwan gado na can a jiƙe."