Ranar da Lasifikar Mai Maganin Basir Ta Zama Kyaftin

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma har yanzu ban yafe masa ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Ni ne Sabi'u, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Zaratan Makera. Duk wanda ya taɓa wucewa ta filin firamare da la'asar ya san muryata, ko da bai san fuskata ba. Jiya bayan atisaye, kocinmu Malam Ɗayyabu ya ce yana tunanin karɓe kambun kyaftin daga hannuna ya ɗaura wa Lawwali, ɗan bayanmu. Lawwali fa! Mutumin da ko sallama aka yi masa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya amsa. Na miƙe a gaban kowa na ce, "Koci, kyaftin ai murya ce. Wanda ba a jin sa ba shugaba ba ne." Koci ya ce in kwana a kai, gobe a yanke magana. Da wannan takaicin na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Mutane sun kifa lemominsu suna kare ƙafafu. Ban yi mamaki ba. Damtsena kawai na duba, na ga kambuna yana nan.

Ban san lokacin da na shiga ofis ba. Wani bunsuru ne a bayan tebur, sanye da tabarau, yana tauna gefen labule. Akuyoyi biyu na gefe suna buga hatimi a jikin bango.

"Kai ne Sabi'u, wanda ya ce kyaftin murya ce?" in ji bunsurun.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Maganarka ta burge mu, mun mayar da ita doka."

Gaskiya na ji daɗi. A unguwarmu ba a taɓa mayar da maganata komai ba sai abin dariya. Bunsurun ya turo mini mudu ya ce in zuba muryata a auna. Na buɗe baki na kwarara, "A koma baya! Ku fito! Kai Tasi'u, barci kake?" Mudu ya cika ya yi tozo, har ƙasa ta samu.

"Ba laifi," in ji shi. "Amma kana da abokin takara."

Na gyara tsayuwa ina jiran Lawwali, har na fara tausaya masa. Sai aka turo baro. A cikin baron akwai lasifikar mai maganin gargajiyar nan da ke zagaya unguwarmu, wadda aka ɗaure mata baki da roba. Wata akuya ta danna ta da kofato.

"Maganin basir! Maganin shawara! Mai tsiro da marar tsiro!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba ta san ƙwallo ba."

"Doka ba ta ce sani ba," in ji bunsurun. "Murya ta ce. Ko ba kai ka rubuta ta ba?"

Aka fara gasa. Na yi ihu, ta yi. Na ƙara, ta maimaita abin da ta faɗa ɗazu ba tare da ta sha ruwa ba. Jijiyoyin wuyana suka tashi. Can sai na ji wani abu ya fito mini daga maƙogwaro ya faɗo kan tebur. Muryata ce, 'yar ƙarama, jiƙe sharkaf kamar ɗan tsako. Ta dube ni sau ɗaya ta fice ta taga. Bunsurun ya kwance kambun daga damtsena da haƙori, aka ɗaura wa lasifika.

Sai ga mu a fili, wasan ƙarshe na cin kofi. 'Yan kallo sun juya wa filin baya, don a garin ta haka ake gani sosai. Turakun raga suna 'yar tafiyarsu in sun gaji da tsayuwa. An ajiye sabon kyaftin a tsakiyar fili cikin baronsa, ni kuma an bar ni in buga a matsayin ɗan wasa kamar kowa.

"Maganin basir!" in ji kyaftin. 'Yan baya suka koma baya.

"Maganin shawara!" 'Yan gaba suka ruga.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Yadda suke bugawa a ƙarƙashina, haka suke bugawa a ƙarƙashin lasifikar, ko gashi ɗaya bai canza ba. Na matsa kusa da Tasi'u, mai tsaron gidanmu, na nuna masa lasifikar da hannu, ina tambayarsa ko yana gane abin da take cewa. Ya zaro auduga daga kunnensa.

"Wa? Au, an canza ne?" in ji shi. "Wallahi na zaci kai ne."

Ya mayar da audugarsa.

Shi kuwa Lawwali yana tsaye a baya, idanu a rufe, yana barcinsa. Na ji 'yan kallo suna cewa, "Kai, dubi natsuwa! Wannan shi ne shugaba." Ƙuda ya sauka masa a hanci, ya ɗaga hannu ya kore shi. Nan take 'yan baya suka fito a jere, aka kama abokan karawa da satar gida. Akuyoyin da ke cikin 'yan kallo suka miƙe suna tafi. Wato ni na yi shekaru ina tsage maƙogwaro, ashe abin da ake bukata ƙuda ne.

Ana gab da tashi, alƙalin wasa ya ba da fenariti a kanmu. A daidai lokacin batirin kyaftin ya mutu. Ya ce "Maganin ba..." ya yi shiru.

Filin ya yi tsit. Ruwan ma ya tsaya a iska yana jira. Tasi'u na tsaye a bakin raga. Ya cire audugar kunnuwansa duka biyu ya yar. Bai dubi baro ba, bai dubi Lawwali ba. Ni ya duba.

"Kyaftin," ya ce, "don Allah ka ce mini wani abu."

Tunda nake da yaran nan ba wanda ya taɓa roƙona in yi magana. Kuma ina da abin faɗa, ɗan gajere ne, ba ya ma bukatar ihu. So nake in ce masa, "Tasi'u, ko ta shiga kai ne golanmu." Na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Can saman turken raga na hango muryata a zaune tana gyara fiffike. Tausayin Tasi'u ya kama ni, tausayin kaina ya fi. Alƙali ya sa usur a baki.

"Maganin basir! Maganin shawara!"

Na buɗe ido. Gari ya waye, mai maganin ya tsaya da baronsa daidai ƙofar gidanmu kamar yadda ya saba. Matata Sahura na tsaye a kaina da tsintsiya.

"Sannu da aiki, kyaftin," ta ce. "Kwana ka yi kana 'a koma baya, a koma baya', har maƙwabta sun aiko tambayar ko lafiya. Koci ma ya aiko. Ya ce ka zo da kambun, kuma ka zo da bakinka ka kare kanka a gaban 'yan wasa."

Na dubi kambun a rataye jikin ƙusa. Na buɗe baki in ce mata ta je ta kori mutumin nan daga ƙofar gidana.

Iska ce kawai ta fito. A waje lasifika ta ci gaba: mai tsiro da marar tsiro.