Tarihin Baba Shitu da Gyaran Inna Tani

"Rubuta, kuraye bakwai," in ji Baba Shitu, ya ɗaga yatsa daga kan katifa. "Bakwai, ban da 'ya'yansu."

Ban kai ga ɗora biro a kan takarda ba, matarsa Inna Tani ta amsa daga bakin murhu cewa kare ne guda ɗaya, shi ma gurgu, kuma Malam bai sauko daga mota ba sai da wata yarinya mai tallan nono ta kore masa shi. Baba Shitu ya ce ita a lokacin tana gidan ubanta a Kiru, ina ta san abin da ya faru a dajin Falgore? Ta ce yaron motarsa ne ya ba ta labari, shi kuwa bai iya ƙarya ba.

Na rasa wanda zan bi, sai na rubuta duka biyun.

Sunana Rumaisa. A lokacin ina aji biyar a sakandare, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Kwanar Dangora. Ni tun ina ƙarama ba na iya ganin rubutu in wuce. Jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai na karanta ta, ko da mai ya cinye rabin labarin. Laburaren makarantarmu kuwa kabad ne guda, makullinsa yana hannun wani malami da kullum ake cewa ya tafi taro. A gida Umma ta daina ba ni tsaron tukunya tun ranar da wake ya ƙone ƙurmus ina zaune a gabansa da littafi.

Baba Shitu tsohon direban babbar mota ne. Abokan aikinsa in sun je wani gari sukan dawo da atamfa ko rediyo, shi kuwa tsofaffin littattafai yake kwasowa. Da ya ajiye tuƙi, sai ya jera su a kan katakai a shagon ƙofar gidansa, ya sa aka rubuta LABURARE da jan fenti a saman ƙofa. Akwai labaran Hausa, akwai na addini, akwai na Turanci, har da littafin gyaran tarakta, wanda na karanta tas wata damina da na ƙarar da sauran. Aro kyauta ne, sharaɗi ɗaya kawai: in ka dawo da littafi, sai ka zauna ka ba shi labarin abin da ke ciki. In ka yi kuskure ya gyara maka. In ka faɗi daidai kuma labarin bai yi masa ba, ya ce marubucin ne ya yi kuskure.

Shi na fara gaya wa ina son zama marubuciya. Yayana da ya ji, kwana ya yi yana kirana Farfesa. Baba Shitu bai yi dariya ba. Cewa ya yi in riƙa sauraron mutane in rage surutu, shawarar da shi kansa bai taɓa bi ba.

Bayan an gama girbin masara ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya. Ɗansa Mas'ud ya zo daga Kano ya kai shi asibiti, aka ce zuciya ce, aka ba shi magani, aka hana shi gishiri. Hana gishirin ya fi ciwon ɓata masa rai. Da aka dawo da shi gida ya aika a kira ni, ya ce tunda ina son rubutu, ga aiki ya samu: zan rubuta tarihinsa.

Kullum bayan Islamiyya sai in zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, yana faɗa, Inna Tani tana gyarawa. Ya ce ya taɓa tuƙa mota da baya da baya tun daga Tudun Wada har Doguwa saboda giya ta ƙi shiga. Ta ce daga bakin masallaci ne zuwa gidan mai, kuma ya take wa mutane rake. Wata rana da ta shiga maƙwabta, ya yi ƙasa da murya ya ce in sayo masa tsire mai yaji in ɓoye a hijabi. Na ce Inna za ta kashe ni. Ya ce to zai cire sunana daga tarihin. Na tuna masa cewa biron a hannuna yake. Ya juya mini baya, ya ce yaran zamani ba su da tausayi.

A hankali labaran suka riƙa gajarta. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya nemi numfashi, Inna ta ajiye muciya ta zo ta gyara masa filo. Wani yammaci ya ce in karanta masa duk abin da na rubuta. Shi kuwa bai san na saka gyare-gyaren Inna ba. Na karanta haka nan. Ina zuwa kan raken da ya take, sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa.

"Kada ki cire nata," in ji shi da ya samu kansa. "Nawa ya fi daɗi, nata ya fi gaskiya. Ki bar mai karatu ya sha wahala."

Daga nan ya ba ni wani labari a hankali, babu ɗaga yatsa. Ya ce sai da ya yi aure ya haihu kafin ya iya karatun boko. Ya taɓa kai lodin masara wani gari daban, don bai iya karanta takardar da aka ba shi ba kuma yana jin kunyar tambaya. Daga ranar ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yana zama cikin samari. Ya ce ya yi wa Tani alkawari zai koya mata ita ma in ya dawo daga tafiya, ya yi ta dawowa yana komawa har tsufa ya zo.

Na saurara in ji gyara. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago kai ba.

"Wannan kam haka aka yi," ta ce.

A makon ne Mas'ud ya sake zuwa. Yana tsaye a soro yana gaya wa wani abokinsa cewa shagon nan zai yi kyau da cajin waya, littattafan kuma masu ƙosai za su so su. Baba Shitu ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce zuciya ce ta lalace, kunnen yana nan garau. Ya sa aka kira liman da babana, ya faɗa a gabansu cewa shagon da littattafan wakafi ne ga yaran unguwa, makulli kuma a hannuna zai zauna. Mas'ud ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da lada, shi ma wasa yake yi. Liman ya tambaya ko makulli bai yi wa yarinya nauyi ba. Baba Shitu ya ce duk garin nan ita kaɗai ta karanta littafin tarakta.

Ya rasu ranar Laraba da hantsi, ina makaranta. Na dawo na tarar da tabarmi a ƙofar gida da takalma jere a bakin soro, har an kai shi. Na shiga na zauna kusa da Inna, ta riƙe hannuna. Sai da na koma gidanmu na yi kukan.

Washegari masu ta'aziyya suka fara zuwa da wani abu a hannu. Sale mai faci ya kawo littafin da ya ara tun ba a haife ni ba, duk baƙin mai, yana rantsuwa saura masa shafi kaɗan. Dikko ya zo daga ruga ta wajen Badafi da littafin cututtukan shanu, ya ce ɗan maraƙi ya cinye bangon, a yafe masa. Matan aure suka riƙa aiko yara da nasu a cikin leda. Har liman, bayan ya shafa addu'a, ya duba hagu da dama, ya zaro wani labarin soyayya daga cikin babbar riga ya miƙo mini, ya ce na iyalinsa ne. Da aka gaya wa Inna, sai da ta toshe baki da mayafi don kada mata su ga tana dariya a zaman makoki.

Yawancin littattafan da suka dawo warin rima suke yi. Da baƙi suka watse, na shiga wata safiya na tarar Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta baza su a rana kusa da kuɓewar da take shanyawa, wasu a kife, wasu kansu a ƙasa. Ta ɗora wa kowanne ɗan dutse don kada iska ta buɗe shi. Na zauna a inuwa ina kallonta. Can ta tashi ta kori wata kaza, ta durƙusa, ta soma juya su ɗaya bayan ɗaya don ɗaya gefen ma ya sha rana.