Takardar Wanke Mai Sammaci

Shekara talatin da huɗu ya yi yana kai wa mutane sammaci har ƙofar gida, shi ya sa ko bayan ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Mai Sammaci dai, yaro da babba. Mutum ne da in ka miƙa masa takarda mai hatimi, da hannu biyu zai karɓa, ko da kuwa ta kuɗin ruwan famfo ce. Matarsa kuma Alƙaliya yake ce mata, don a cewarsa ya yi aiki ƙarƙashin alƙalai tara, bai ga wanda ya kai ta saurin yanke hukunci ba.

Akwai wata kwamfuta da ɗansu ya aiko musu da ita, don su riƙa ganin jikoki ranar Lahadi. Abu uku Mai Sammaci ya koya a kanta: kunnawa, kashewa, da rubuta tambaya a ɗan akwatin nema da yatsa ɗaya. Ran Talata da hantsi, Alƙaliya na kicin tana jan ƙafa saboda ciwon gwiwar da ya matsa mata, shi kuma ya zauna a falo, tabarau a kan hanci, yana neman abin da ake shafa wa gwiwa. Sai ga wani jan akwati yana ƙyalƙyali: danna nan, ciwon gwiwa ya zama tarihi. To wa zai ƙi? Ya danna.

Allon ya yi fari fat, sannan ya cika da tambarin 'yan sanda, ga hoton ankwa a gefe. A tsakiya kuwa ga shi nan shi da kansa, baki a sake, hula a karkace, ƙaramar kyamarar kwamfutar ta ɗauke shi bai sani ba. Rubutun ya ce an kulle wannan na'ura saboda an kama mai ita yana kallon hotunan batsa. Ko dai ya sayi katin waya ya tura lambar katin a matsayin tara cikin kwana uku, ko a zo har gida a tafi da shi. A ƙasa ga agogo yana ƙirga lokaci da baya da baya.

Innalillahi! Ya danna nan, ya danna can, ko gezau. Ya kashe ya kunna, fuskarsa ta sake dawowa tana kallonsa. Ya ji takun Alƙaliya, sai ya rufe murfin da sauri, ya shige ɗaki ya cusa kwamfutar ƙarƙashin barguna a cikin durowar kaya.

Shi dai ya san bai yi ba. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa kai sammaci ba. Mai Sammaci ya tsaya a ƙofofi sun fi dubu. Ya ga yadda mace take karɓar takarda ta karanta, sannan ta ɗago ta dubi mijinta. Wannan kallon ne ya sani. Kotu takan wanke mutum bayan wata shida, a tafa masa, a rako shi gida, amma kallon nan yana nan daram a idon matarsa. Kurkuku bai ba shi tsoro sosai ba. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne Alƙaliya ta yi masa irin wannan kallon bayan shekara arba'in da ɗaya da aure.

Sai ya ɓoye mata maganar. Aka kawo abinci ya tsakura ya ture.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Lafiyar ce ta hana ka cin abinci?"

"Cikina ne ya ɗan kumbura."

Ta dube shi, shi kuma ya dubi bango.

Washegari har ya je shagon mai sayar da kati, ya tsaya, ya sa hannu a aljihu. Sai wani abu ya riƙe shi. Tara ba rasit? Tun da yake bai taɓa gani ba. Kuma duk wanda ya biya tara ai ya amsa laifi ke nan. Ya sayi ashana kwali ɗaya don kada a ce ya zo a banza, ya juya.

Rana ta uku da safe ya naɗe kwamfutar a tawul, ya saka a tsohuwar jakarsa ta aiki. Akwai mai gyaran waya a bakin layinsu, amma wannan bakinsa ya fi rediyo, kafin azahar labari ya gama unguwa. Don haka ya hau mota biyu, ya sauka a wani bene mai hawa uku a ɗaya gefen gari, inda shagunan gyara suke jere kamar haƙora. Niyyarsa ya sami dattijo irinsa, wanda zai gane ba sai an yi dogon bayani ba. Ya hau ya sauka, babu dattijo ko na magani. Shagon da ba layi a gabansa guda ɗaya ne, a ƙarshen baranda, kuma mace ce a ciki, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Tana sanye da tabarau mai ƙara girma, tana liƙa wata 'yar waya da ƙarfe mai zafi.

Ya so ya wuce, ta riga ta gan shi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera. Me ya same ta?"

Ya zauna, jakar a kan cinya, hannu biyu a kanta. "'Yata, ba wani namiji a shagon nan?"

"Akwai, Baba. Kai."

Ya matso da kujerarsa. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Akwai abin da ke ciki wanda bai kamata ki gani ba. Amma wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa..."

"Tsaya, Baba, kada ka ɓarnatar da rantsuwa. Tambarin 'yan sanda ne? Da hotonka a tsakiya?"

Ya zaro ido.

Ta warware tawul ɗin, ta ɗaga murfi. Ganin hoton, dariya ta kufce mata. Amma da ta waiwayo ta ga fuskar dattijon, sai ta haɗiye sauran, ta cire tabaraunta ta ajiye.

"Baba, kai ne na biyar a watan nan. Shekaranjiya wata ungozoma ce ta kawo tata tana kuka, ita ma wai batsa ta kalla. Ba 'yan sanda ba ne. Ɓarayi ne suka ari rigarsu. Wata cuta ce suke ɓoyewa a cikin talla, kana dannawa ta shigo, ta ɗauki hotonka, ta kulle allo. Kuma da gangan suke zaɓen laifin da mutum ba zai iya faɗa wa kowa ba, don ya biya a ɓoye. Ka biya?"

"Ban biya ba. Ba rasit."

"Allah ya yi maka albarka. Da ka biya ma ba buɗewa za su yi ba, ƙari za su nema. Matso ka duba da kyau. Ina sunanka a nan?"

Ya gyara tabarau ya matso. A karo na farko cikin kwana uku ya karanta abin da idon aiki. Babu suna. Babu lambar ƙara, babu sunan kotu, babu ranar zama, babu sa hannun kowa. Takardar da in da magatakarda ya miƙo masa ita a zamaninsa, a kan teburinsa zai mayar masa. Kunya ta kama shi, wata sabuwa daban da wadda ya shigo da ita. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Mai gyara ta shiga aiki, tana yi tana bayani kamar mai koya wa ɗalibi. Da farko ta raba kwamfutar da intanet, don kada ɓarayin su ci gaba da jin motsinta. Ta kashe ta, ta sake tayar da ita ta wata hanya da ta ce ƙofar baya ce, inda ba abin da ke tashi sai abin da ya zama dole, cutar kuwa tana kwance ba ta farka ba. Daga nan ta mayar da na'urar yadda take makon jiya, kafin ya danna jan akwatin. Sannan ta soka filashi mai ɗauke da manhajar wanke cuta, ta bar shi yana bin lungu da saƙo. Aka ɗauki kusan awa guda. Ta aika aka kawo masa shayi, ya shanye tas, har da burodin da ta ce nata ne.

"Ka yi sa'a irin mai kulle allo ce kawai," in ji ta. "Akwai mai damalmala duk abin da ke ciki, wannan sai dai addu'a. Hotunan jikokinka suna nan. In ka koma ka sa ɗanka ya canja maka lambobin sirri. Kuma duk akwatin da ya yi maka ƙyalƙyali yana cewa danna ni, ka ce masa Allah ya ba da sa'a."

Ta yanko ɗan baƙin salatif ta manna a kan kyamarar, ta nuna masa yadda zai ɗaga ranar Lahadi. Ta kunna. Fuskar jikarsa mai giɓi ta fito tana dariya kamar kullum.

Ya biya ta, amma bai tashi ba.

"Saura takarda, 'yata."

"Rasit? Ga shi."

"A'a. Takardar shaida. Ki rubuta cewa ban aikata ba."

"Baba, ni fa mai gyara ce."

"Ke kika bincika, ke za ki shaida. Ɗauki biro."

Haka ta yago takarda daga littafinta, yana faɗa tana rubutawa. Cewa ita, mai wannan shago, ta binciki wannan na'ura a yau, ta same ta da cutar ɓarayi, kuma ba ta sami wani abin kunya a cikinta ba, ƙarami ko babba. Ya sa ta rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa. Ya sa ta sa hannu. Ya tambayi hatimi, ta lalubo na shagon, mai zanen wayar hannu da sukudireba, ta hura masa iska ta buga. Ya ɗaga takardar ga haske ya duba, ya ninke ta gida uku yadda ake ninke ta kotu.

"Wa za ka kai wa?" ta tambaya.

"Babbar kotu," in ji shi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso gida. Ya tarar da Alƙaliya zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar shigowa, daga ciki, ƙafarta mai ciwo a miƙe bisa bokitin da aka kife, mayafinta na fita unguwa a kafaɗa. Ya ajiye jaka, ya gyara tsayuwa, ya miƙa mata takardar da hannu biyu.

"Mece ce wannan?"

"Ki karanta tukuna, sannan in yi bayani."

Ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ba ta buɗe ba. "Ta kwamfuta ce?"

Ya dubi jakar da ya ajiye.

"Malam, wa ke ninke barguna a gidan nan? Tun ran Talata da yamma na gani. Na ga hotonka, baki a buɗe kamar mai jiran a ɗura masa magani."

"Kin... kin karanta abin da suka ce?"

"Na karanta sau biyu."

"To ƙarya ce. Ɓarayi ne, ba hukuma ba. An cire. Ga shaida nan da hatimi, mai gyaran da kanta ta..."

"Kai da ko a talabijin aka nuno mata suna rawa sai ka tashi neman takalminka? Kai ne za ka kalli batsa? Haba, Malam." Ta ɗora takardar a kan cinyarta. Muryarta ta canja, wasan ya fita daga cikinta. "Wannan bai hana ni barci ba ko na minti ɗaya. Abin da ya ci mini rai, kwana uku ina tambayarka lafiya, kana ce mini cikinka ne. Shekara arba'in da ɗaya, yau sai da ka nemo mini takarda daga hannun baƙuwa kafin ka iya duban idona?"

Ya sunkuyar da kai. Shi da ya iya amsa kowace irin masifa a ƙofar mutane.

"Na ji tsoro ne," ya ce daga ƙarshe. "Tsoron yadda za ki dube ni."

"Ni ma na ji tsoro. Ni ban san ɓarayi ba ne, na ɗauka da gaske za su zo."

Sai a lokacin ya lura da kujerar, da mayafin, da takalmin fita da ke ƙafafunta, har da mai ciwon.

"Shi ya sa kike zama a nan?"

"Tun Laraba. Na ce in sun ƙwanƙwasa, ni za su fara tararwa. In gaya musu wane ne kai kafin su buɗe baki a gaban maƙwabta. In sun ƙi ji, to su kawo mota mai kujera biyu."

Mai Sammaci ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta. Idonsa ya cika, bai kuma juya ga bango ba. Ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya fara kwance mata igiyar takalmin.

"A hankali," in ji ta. "Ƙafar ta kumbura."