Lambar Gidan Kaka

Ranar Alhamis Shamiel ya je wani shagon zanen jiki a unguwar Woodstock aka yi masa zane a dantsensa na hagu: dunƙulen zaren ulu da alluran saƙa biyu a soke, ƙarƙashinsu kuma 28, lambar gidan kakarsa Ragmat a unguwar Mitchells Plain. A gidan nan ta koya masa saƙa tun yana ɗan shekara tara, kuma yanzu da saƙar yake ci, yana sayar da hulunan sanyi a kasuwar Asabar. Duk masu rumfa a kasuwar suna da zane a jiki, shi kaɗai ya rage. Ya san ma'anar 28 a wurin mutanen kurkuku, lambar wata ƙungiyar 'yan daba ce mai yarenta na asiri, don ba wanda ya tashi a unguwarsu bai sani ba. Amma ya ce a ransa ai kowa zai ga zare da allura a samanta.

Ranar Asabar da safe ya shiga bas da jakar huluna a cinya, ya zauna can baya ya ci gaba da saƙa. Aka yi zafi, zanen ya dame shi da ƙaiƙayi, sai ya naɗe hannun riga ba tare da ya tuna ba.

Mutumin da ke kusa da shi ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Dattijo ne siriri, ba haƙoran gaba, wuyansa duk tsohon zane mai dishi-dishi, irin wanda ake yi a ɗaure. Shamiel bai gane kalmomin ba, ya yi murmushi.

"Na gaishe ka da yaren lamba, ba ka amsa ba," in ji mutumin. "A wane kurkuku aka ba ka?"

"Lambar gida ce, Kawu. Gidan kakata."

"Gidan kakarka."

Mutumin ya kama wuyan hannun Shamiel ya juya shi wajen haske. Matar da ke gabansu ta waiwayo, ta ga lambar, ta mai da kanta da sauri. Kwandasta ya daina kiran fasinja. Zaren ya zame daga cinyar Shamiel ya gangara ƙarƙashin kujera, ya kasa sunkuyawa ya ɗauka.

"Direba, a nan za mu sauka," in ji mutumin. "Ni da ƙanena."

Shamiel ya bi shi suka sauka. Mutumin ya kai shi bayan wani shagon taya, inda ba kowa sai warin fitsari, ya kunna taba ya tsura masa ido.

"Shekara sha tara na yi a ciki kafin a rubuta min wannan. Na zubar da jini a kanta. Kai kuma ka je ka kwanta a kujera mai laushi, 'yan mata suna ba ka shayi?"

"Wallahi ban yi don raini ba, Kawu."

"Da yaran ƙungiyarmu na yanzu ne suka gan ka, da wuƙa za su kankare ta, su kai wa uwarka fatar." Ya matso da wutar tabar dab da zanen, har Shamiel ya ji zafinta a ɗanyar fatar. Ya runtse ido yana kalmar shahada a zuci. Wutar ba ta sauka ba.

"Kai ba ɗan Faieza ba ne, mai yin samosa a layin masallaci?"

Shamiel ya buɗe ido. Ya gyaɗa kai.

"Zan zo ranar Litinin. Kada in tarar da lambar nan."

Shamiel bai je kasuwa ba. Ya wuce kai tsaye Woodstock. Mai zanen, wata budurwa mai suna Liezel, ta ce fatar ba ta warke ba, sai ya jira wata guda. Ya ba ta labari. Sai ta sa safar hannu. Ta shafe lambar da baƙin tawada kan ɗanyen ciwo, yana cizon hular da bai gama saƙawa ba.

Litinin bayan azahar aka buga ƙofa. Uwarsa na kicin, ya riga ta fita. Mutumin ya ɗaga hannun rigar da kansa, ya duba baƙin tabon da ya kumbura, ya danna shi da babban yatsa.

"To," ya ce. "Ka gaida Faieza. Tare muka yi firamare."

Ya juya ya tafi yana ɗan ɗingishi.

"Waye ne?" uwarsa ta tambaya daga ciki.

"Mai neman hula ne, Mama."

Ya rufe ƙofar ya jingina da ita. Hannun ya yi ruwa, sai da ya sha magani mako biyu. Da ya warke ya koma kasuwa, amma ya canza tasha, yana tafiyar minti ashirin a ƙasa zuwa wata, kuma ya bar zama a kujerar baya.