Bil Biyu a Babur ɗin Baba

Shekara goma sha huɗu babu hannun da ya shiga cikin babur ɗin Baba sai nawa. Tsohon kuros ne mai dogayen ƙafafu, irin wanda ake ba ma'aikatan kiwo su shiga daji yi wa dabbobi allura. Da Baba ya ajiye aiki aka bar masa shi. Yanzu shekarunsa saba'in da ɗaya, kuma babur ɗin nan shi ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa kara, wurin cinikin dabbobi, ranar kasuwa, da shi yake leƙa abokansa a Mai Yara. Inna kuwa ta daɗe tana neman hanyar raba su. A gabanmu duka ta faɗa, ranar da ya faɗi da shi, ranar ya gama hawa.

Ana nan sai ga Yazidu, mijin ƙanwata Nuriyya, ya dawo daga Maraɗi da dipilom ɗinsa na gyaran babura. Ya buɗe garaji kusa da tasha, da allo mai fenti, da riga mai aljihu bakwai. Ni kuwa, Saminu, rumfata ta gyaran babura tana nan gindin bedi inda take tun fil azal. Garin Dakoro ya ishe mu mu biyu.

Bayan damina ambirayaj ɗin babur ɗin Baba, wato kulocinsa, ya fara riƙewa. Zai matse hannun har ya taɓa kan babur, amma babur yana ci gaba da jan jiki kamar jakin da bai ji an ce tsaya ba. Sa bitas na ɗaya, wato giyar farko, sai da ƙara, puwammor kuwa, inda babur ba ya cikin kowace giya, ba ya samuwa sai an kashe inji. Tun daga jin yadda ya shigo layinmu na san wayar ambirayaj ce ta miƙe, aikin minti goma. Har na ɗauko sabuwa na rataye a ƙusa. Washegari ina zaune na ga Baba ya wuce gaban rumfata, ya ɗaga mini hannu, ya miƙe tasha. Wallahi ranar ko furar da aka kawo mini ban sha ba.

Ranar Juma'a muna zaure bayan masallaci, Yazidu ya buɗe tafin hannunsa ya nuna wani ɗan ƙwallon ƙarfe, bil, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce ya kwance ambirayaj ɗin gaba ɗaya, ya tarar da bil biyu a bayan sandar da ke tura faifan, alhali hoton da ke wayarsa ta hannu ɗaya ya nuna. Wannan ɗin ma na keke ne, in ji shi, ƙila wani ɗan gyaran daji ya manta da shi ciki tun zamanin ma'aikata. Baba ya yi dariya, ya sa masa albarka har sau biyu. Ni shekara goma sha huɗu iyakata "to, madalla". Da aka tashi, na ɗauke bil ɗin daga kan tabarma inda Yazidu ya bar shi, na jefa aljihu.

Ɗan gyaran dajin ni ne. Shekara shida da suka wuce bakin sandar nan ya ci, ta gajarta, na nema har Maraɗi ban samu irinta ba. Na ciro bil daga ƙafar wani mataccen keke na ƙara mata tsawo. In babu shi, ko wa ya matse hannun, sandar ba za ta tura faifan su rabu sosai ba.

Haka kuwa aka yi, riƙewar ta ninka. Sati uku Yazidu yana fama. Ya ja wayar ambirayaj har zaren notinta ya ƙare. Ya zubar da mai ya sa marar kauri. Ya jera faifan ƙarfen a kan gilashi yana neman wanda ya lanƙwashe, ya sake biyu. Ya ɗauki zarto ya goge ramukan da haƙoran faifan suka ci a jikin kwandon da suke zaune ciki. Abin da ya fi ba ni haushi, duk aikin daidai yake yin sa, ni ma da haka zan bi. Sandar kawai bai auna ba, don bai taɓa ganin sabuwarta ba balle ya san ta gajarta.

Rannan da hantsi ya zo rumfata, ya durƙusa ya gaishe ni, rigar mai aljihu bakwai ta yi baƙi da mai.

"Yaya Saminu, ko akwai abin da na tsallake?"

Bil ɗin yana aljihuna, ina jin sa a cinyata. Na ce masa ai mu ba mu zauna aji a lakkwal ɗin ba, ya sake duba wayarsa. Ya yi godiya, ya tafi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. So nake Baba da kansa ya turo babur ɗin nan gindin bedi, a gaban masu shayi, ya ce Saminu duba mini. Na ce a raina in ba shi sati ɗaya, ai zai gaji.

Baba bai gaji ba. Ya koyi kashe inji kafin ya tsaya, yana cewa yaron ya kusa ganowa.

Ranar kasuwa a bakin kara wani makiyayi ya ratso da shanu. Baba bai samu sukunin kashe injin ba. Ya matse hannu, ya sauke ƙafa cikin yashi, babur ya ja shi ya haɗa shi da amalanken ciyawa. A kan hannun hagu ya sauka, wuyan hannun ya karye biyu. Samba mai awon dabbobi ne ya rugo ya gaya mini. Ko da na isa an riga an tafi da shi wurin ɗori, babur na kwance mai na ɗiga.

Na tura shi rumfata. Na buɗe murfi, na mayar da bil ɗin mazauninsa, na sa wayar da ke rataye a ƙusa. Duka-duka bai kai rabin awa ba.

Da la'asar na kai shi gida. Baba na kishingiɗe a inuwar rumfa, hannun ɗaure da karare da tsumma, Nuriyya na gefe idonta jajur. Yazidu ya kasa shigowa, yana zaure. Na tada babur a tsakar gida, na matse hannu, na sa bitas ba ko ƙas, na mayar puwammor da ɗan yatsan ƙafa. Inna ta fito, ba ta ko dube ni ba, ta murɗa makulli ta zare, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Baba ya tambaye ni mene ne ya lalace. Na so in ce waya ce. Bakina ya ƙi, na faɗa masa gaskiya.

Ya dubi babur ɗin. Sannan ya ce ya ga lokacin da na ɗauke abin daga tabarma, shi ya sa hankalinsa ya kwanta, don ya ɗauka washegari zan je in nuna wa yaron. Da ya ga shiru sai ya ce ƙila abin ba shi da amfani ne, tunda ni ban yi magana ba.

Na ce to me ya sa tun farko ya wuce ni.

"Wata biyu da buɗe garajin nan, ko mai faci bai tsaya masa ba," in ji shi. "Na ce in mutane suka ga babur ɗina a ƙofarsa za su fara kai nasu. Kai wa bai san ka ba a garin nan? Ban zaci kana bukatar nawa ba."

Ya gyara hannun a kan matashi, ya runtse ido don zafi, ya ce in tsiyaye man da ke tankin kafin in shigar da shi ɗakin hatsi, kada ya lalace a ciki.