Man Birkin Fijon Baba

A duk Katsina babu wanda ya san mota kamar Alhaji Dabo, domin daga ofishin da ke sayo wa gwamnati motoci ya yi ritaya. Ra'ayinsa kan mai sananne ne: duk daga rijiya ɗaya ake haƙo shi, bambancin launi dabarar 'yan kasuwa ce. Shi ya sa da man birkin tsohuwar fijon mahaifinsu ya yi ƙasa, ya cike shi da ragowar jan man sitiyari, ya goge hannu.

Saboda yayarsa Delu ya taso da motar. An sayar da gidansu na gado a Gobarau, ranar Asabar za a rushe shi a yi shaguna, ita kuwa tana son ta ƙara shiga ɗakin Innarsu ko sau ɗaya. Ta ce za ta hau keke napep daga Batagarawa. Dabo ya ce ba yana raye ba. Motar da ta kai ta ɗakin miji ita za ta mayar da ita gida.

Da safiyar Asabar ɗin Delu ta zauna a baya, wurinta tun tana 'yar firamare, lokacin da Baba kan zaga da su gari bayan Juma'a, kowa da karan rakensa, an hana tofar da ɓawo a ciki. Ta shafa yagar da ta yi wa kujerar, wadda ƙanwarsu Tani ta sha duka a kanta.

Suna isa Ƙofar Guga motar ta fara nauyi. Robobin birkin sun kwana biyu suna shan jan man, sun kumbura, tayoyi suka cije.

"Dabo, ƙauri nike ji."

"Tsohuwa ce, Yaya, sai an bi ta a hankali."

"To ka bi ta, ni bari in tsai da keke."

"Haba Yaya! A gan ki cikin keke ina raye? Yanzu za ta huce."

Har azahar ba ta huce ba. Da la'asar Dabo ya yarda da keke, bisa sharaɗin a gane cewa man zamani ne ya lalace.

"Haka ne," in ji Delu.

Suka tarar katafila ta gama. Delu ta taka tarin jar ƙasa, ta tsaya inda take zaton nan ne ɗakin Inna.

"Hajiya, ɗan matsa, tifa za ta juya," in ji wani lebura.

Ta matsa.