Ƙwayoyin Jam'iyya

"Kama mini hannunshi, Hamdiya," in ji Kadi, tana kokawa da mijinta Ridwanu a kan tabarma. Ni maƙwabciyarsu ce, darni ɗaya ya raba mu, hayaniyar ce ta shigo da ni. Kafin in tsuguna ya riga ya haɗiye jajayen ƙwayoyin, ya bi da ruwa. Idanunsa rawaya sharr, ciki ya kumbura kamar tulu.

Ciwon hanta ne, shawara. Majo, wato babban ma'aikacin likitar ƙauyenmu, ya aika da jininsa Maraɗi. Da sakamako ya dawo, a gabana ya yi wa Kadi bayani.

"Hantar ta kumbura, sinadarin ƙarfe kuma ya yi yawa cikin jininshi. Kar a ba shi maganin ƙarin jini, yana iya ƙarasa shi."

To, shekarar ce aka kawo mana jam'iyyu bayan babban taron ƙasa. Gari ya tsage biyu, har rijiya kowa da tasa. Majo na wancan ɓangare, Ridwanu na wannan. Sai ga Bakari, ɗan koren jam'iyyar su Ridwanu, ya dawo daga Gazawa da kwalin ƙwayoyin ƙarin jini, wai kyautar ɗan takara. Mutumin da ko ciwon akuya bai sani ba, shi ne mai raba magani gida-gida.

"Majo ya hana," Kadi ta ce masa da ya shigo gidansu.

"Majo na wa?" in ji Bakari. "So yake mu rage ƙuri'a guda. Kai Ridwanu, kai ma ka koma can ne?"

Wannan tambayar ce ta kashe shi, wallahi. Ridwanu manomi ne mai kunya, bai iya a nuna shi da baki a majalisa. Kadi ta ɓoye ƙwayoyin cikin rumbu, Bakari ya kawo wasu. Na tare shi a zaure na wanke shi tas, ya ce mata ba su san siyasa ba.

Da ya fara aman jini na ruga na kira majo. Ridwanu ya juya fuska bango.

"Ku ce mishi ya tafi. Kar a gan shi gidana."

Ranar zaɓe da hantsi Bakari ya iso da amalanke, wai zai kai Ridwanu rumfa ya jefa ƙuri'a. Ya tarar ana ɗora ruwan wanka. Ya yi ta'aziyya a tsaye, ya ɗan yi jim, sannan ya tambaye ni ko Kadi za ta samu fita zaɓe kafin a rufe rumfa. Na juya masa baya na koma wurin Kadi.

Sai bayan azahar aka samu mazan da za su kai shi makabarta, duk suna layin zaɓe. Ta kafar darni na ga fitarsu. Hannuwan da ke riƙe da makarar, kowane babban yatsa da tawadar zaɓe, ba ta gama bushewa ba.